Gwani Ba Daga Sama Yake Faɗowa Ba: Martani Ga Reed Hastings

Reed Hastings, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa Netflix a 1997, yana da ra'ayi a kan yadda ake haɗa ma'aikata, kuma bai taɓa ɓoye shi ba. Ya fara baza shi a 2009 cikin takardar al'adun kamfanin da suka tsara tare da Patty McCord, shugabar sashen kula da ma'aikata a lokacin, sannan ya faɗaɗa shi a littafin No Rules Rules da suka fitar shi da Erin Meyer a 2020. Abin da yake cewa shi ne kada ka ɗauki kowa sai gwanin gwanaye, ka biya shi albashin da babu mai iya ƙara masa a kasuwa, wanda aikinsa ya tsaya a ba yabo ba fallasa kuma ka haɗa shi da kuɗin sallama mai tsoka ya kama gabansa. Ma'aunin da ya ba manajojinsa tambaya ce guda, wai kowane manaja ya tambayi kansa ko zai tashi tsaye ya hana wane tafiya in ya ce ya samu wani wurin. In ba zai tashi ba, to a sallame shi tun yanzu. A ganinsa kamfani ba gida ba ne da ake haƙuri da ɗan uwa, kulob ne na ƙwararrun 'yan wasa, kowane gurbi sai wanda ya fi kowa.

Ina mayar da martani ne saboda wannan magana ta bar Kalifoniya tuni. Matasan da ke kafa ƙananan kamfanonin manhaja a Kano da Kaduna da Abuja suna karanta ta, suna maimaita ta, wasu ma sun ɗauke ta tamkar ita ce sirrin arzikin Netflix. Ba na musun cewa masu rubuta manhaja sun bambanta. Duk wanda ya taɓa karanta kod ɗin mutum biyu a kan aiki ɗaya ya san wani ya fi wani. Ba na kuma musun cewa kamfanin ya yi nasara. Abin da nake musu shi ne cewa gwaninta kaya ce da mutum ke ɗauke da ita a jaka, ka saya ka zuba a ofis ta ci gaba da haihuwa. Hujjojin da Hastings ya kawo da kansa ba su nuna haka ba.

Labarin da ya fi son bayarwa na 2001 ne. Kasuwar kamfanonin intanet ta rushe, kuɗi ya yanke, Netflix ta sallami kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatanta, daga kimanin 120 suka koma kimanin 80. Ya ce ya zaci gwiwar mutane za ta yi sanyi, sai ya ga akasin haka: aiki ya ƙara sauri, kowa na zuwa ofis da kuzari. Daga nan ya yanke cewa cire matsakaita shi ya fito da hasken gwanaye. To amma waɗannan 80 ɗin ba baƙi ba ne da aka kwaso daga kasuwa. Mutane ne da suka san juna, suka san inda kowane ƙulli yake a cikin manhajar, kuma a daidai lokacin na'urar kallon DVD ta fara shiga gidajen Amurkawa gadan-gadan, masu rajista na ta ƙaruwa. Mutumin da ya tsira daga kora, ya kuma ga kasuwa ta buɗe, dole ya zage damtse. Kamfanoni da yawa sun rage ma'aikata a waccan shekarar, sun bar waɗanda suke ganin sun fi, kuma duk da haka sun mutu. Babu wanda ya rubuta littafi a kansu.

Ginshiƙi na biyu wani bincike ne da aka yi a Santa Monika, a kamfanin System Development Corporation, wanda Sackman da Erikson da Grant suka wallafa a 1968. Daga nan aka samo maganar nan da ta zama ruwan dare, cewa gwani ɗaya ya ninka wani sau goma ko ashirin. Hastings ya jingina da shi, ya ma ƙara da cewa a nasa ganin ninkin ya kai ɗari. Ya kamata mai karatu ya san abin da binciken ya ƙunsa, domin an fi ambatonsa fiye da karanta shi.

Masu binciken ba gwaninta suka fita aunawa ba. Tambayarsu ita ce wace hanya ta fi sauri: mai rubuta manhaja ya zauna gaban na'ura yana aiki kai tsaye yana ganin sakamako nan take, ko ya miƙa aikinsa a jera shi a layi ya jira sa'o'i kafin a dawo masa da amsa, kamar yadda aka saba a wancan zamanin. Gwaji biyu suka yi, ɗaya da gogaggu 12, ɗaya da masu koyo 9. Mutum 21 ke nan gaba ɗaya. Adadin da ya fi yin suna, ninki 28, ya fito ne daga kwatanta wani da ya gama gyaran kurakuransa cikin awa 6 da wani da ya kwashe awa 170. Daga baya masu bin diddigi, irin su Thomas Dickey a 1981 da Lutz Prechelt na jami'ar Karlsruhe a Jamus a 1999, suka nuna cewa mutanen biyu ba a yanayi ɗaya suka yi aikin ba. Mai awa 6 yana aiki kai tsaye da harshen manhaja mai sauƙin sarrafawa. Mai awa 170 yana jiran layi, kuma da harshen na'ura tsantsa ya yi rubutunsa, wanda kowa ya san wahalarsa. Wato wani babban kaso na ratar daga kayan aiki ya zo, ba daga ƙwaƙwalwa ba.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan muhimmanci. Duk waɗannan alƙaluma suna kwatanta na farko ne da na ƙarshe. Babu mai hankalin da ke cewa a ɗauki na ƙarshe. Gardamar Hastings a kan na tsakiya take, mutumin da ke aikinsa daidai, kuma shi ne ya ce a sallama. Ratar da ke tsakanin gwani da na tsakiya ba ta kusa da wancan adadin ba.

Tom DeMarco da Timothy Lister sun auna wannan da mutane masu yawa. A tsakiyar shekarun 1980 sun shirya gasar rubuta manhaja da sama da mutum 600 daga kamfanoni 92 suka shiga, suka kuma bayyana sakamakon a littafinsu Peopleware na 1987. Sun samu ninki goma tsakanin na farko da na ƙarshe, gaskiya ne, amma tsakanin na farko da na tsakiya kimanin ninki biyu da rabi ne. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne kowane kamfani bibbiyu yake turo mutanensa, kowa na aikinsa shi kaɗai, sai aka ga sakamakon 'yan kamfani ɗaya yana kusa da juna ƙwarai, bambancinsu bai wuce kashi 21 cikin ɗari ba a matsakaici. In ɗaya ya yi fice, abokinsa ma ya yi. In ɗaya ya yi baya, haka ɗayan. Babbar ratar tsakanin kamfani da kamfani take. Da suka bincika dalili, ba yawan shekarun aiki ba ne, ba albashi ba ne, ba harshen manhajar ba ne. Waɗanda suka yi fice su ne mafi yawan masu cewa suna da wurin aiki mai natsuwa, ba a yawan katse musu tunani. Shekaru da yawa bayan haka, a 2019, Bill Nichols na cibiyar nazarin injiniyancin manhaja ta jami'ar Carnegie Mellon ya duba ayyukan mutum kusan 500 da kowannensu ya warware matsaloli goma iri ɗaya. Ya samu cewa kusan rabin bambancin da ake gani a cikin mutum ɗaya yake, daga wannan aiki zuwa wancan. Wanda ya zo kan gaba a aiki na uku yana iya komawa tsakiya a na bakwai. Manajan da ke yanke hukunci a kan abin da ya gani cikin 'yan watanni, sau da yawa ranar sa'a ko ranar rashinta yake aunawa.

In da gwaninta a jaka take, da duk inda gwani ya je zai ci gaba da haskawa. Boris Groysberg na Harvard ya bi sawun manazartan hannun jari 1,052 da aka yi ittifaƙin su ne taurarin bankunan zuba jari na Amurka, daga 1988 zuwa 1996. Aikinsu ya yi kama da na mai manhaja ta fuskar cewa da kai ake yin sa, kuma su kansu sun yi imani basirarsu tasu ce su kaɗai. Waɗanda suka sauya banki aikinsu ya faɗi, wasu har shekara biyar ba su dawo matsayinsu ba. Cikin waɗanda ba su faɗi ba akwai waɗanda suka tashi tare da abokan aikinsu. A manhaja dalilin a fili yake. Rabin abin da ke sa mutum sauri shi ne sanin wannan kod ɗin musamman: me ya sa aka rubuta wancan sashe a karkace shekara huɗu da suka wuce, wane abokin ciniki ne zai yi kuka in an taɓa shi, wa za a tambaya in abu ya tsaya da tsakar dare. Wannan ilimi ba ya bin mutum zuwa sabon ofis, kuma in ka sallami na tsakiyar da ya daɗe, da shi yake tafiya.

Tunda Hastings ya zaɓi misalin kulob, mu bi shi can. Daga 2000 Florentino Pérez, shugaban Real Madrid, ya riƙa sayo wa kulob ɗin tauraro duk shekara: Figo, Zidane, Ronaldo, Beckham. A 2003 Claude Makélélé, wanda ba ya cin ƙwallo, aikinsa tare hanya da ƙwato ƙwallo a tsakiya, ya nemi ƙarin albashi, aka hana shi, aka sayar da shi ga Chelsea. Madrid ba ta sake ɗaga kofin La Liga ba sai 2007, bayan Pérez ya ajiye mulki a 2006. A ɗaya ɓangaren, mutum ukun da suka kai zagayen ƙarshe na Ballon d'Or a 2010, Messi da Iniesta da Xavi, duk a makarantar horon Barcelona ta La Masia suka tashi tun suna yara. Sannan duniyar ƙwallo ta amince a rubuce cewa raino yana da tsada: dokar FIFA ta tanadi cewa in aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, ana ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin ga kulob-kulob ɗin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Kulob na gaskiya yana da makaranta, yana da benci, yana kuma biyan waɗanda suka yi masa raino. Kulob ɗin da Hastings ya zana ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun.

Kowace tawagar manhaja tana da Makélélé ɗinta. Ita ce ma'aikaciyar da ke karanta kod ɗin kowa kafin a haɗa shi da na sauran, ta gano kuskuren da da ya tsayar da biyan kuɗi ranar albashi. Shi ne wanda ke rubuta bayanin yadda ake ɗora sabon aiki a kan na'urorin kamfani, wanda ke zama da sabon ma'aikaci mako biyu, wanda ke lura cewa sashe biyu suna gina abu ɗaya ba su sani ba. In irin wannan mutum ya yi aikinsa da kyau, abin da ake gani shi ne babu abin da ya faru. Manajan da aka ce ya tambayi zuciyarsa wa zai yi fafutukar riƙewa, wanda ya fi fitowa fili zai tuna, mai sabon abu da ake nunawa a taro. Fred Brooks, wanda ya jagoranci gina OS/360 a IBM, ya yarda da binciken Santa Monika har ya kawo shi a The Mythical Man-Month a 1975. Amma abin da ya gina a kansa tawaga ce ta kimanin mutum goma kewaye da gwani ɗaya: mataimaki, mai gwaji, mai ƙera kayan aiki, mai tace rubutu da sauransu. Bai ce a kori taran ba, domin ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai batun tsoro, wanda ya fi damuna. A farkon shekarun 1990 Amy Edmondson ta yi nazarin kurakuran ba da magani a asibitoci, ta zaci tawagogin da suka fi haɗin kai za su fi ƙarancin kuskure. Sai alƙaluma suka nuna su ne suka fi yawan kuskure a rubuce. Da ta tona, ashe ba yin sa suka fi ba, faɗinsa suka fi, domin ba sa tsoron abin da zai biyo baya. Google ta iso wuri ɗaya da ta fara nazarin tawagoginta 180 a 2012: abin da ya fi bambanta tawaga mai kyau da sauran shi ne mutum ya iya cewa ban gane ba, ko ni na ɓata, ba tare da fargaba ba. A manhaja wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuskuren da aka faɗa yau gyaran awa ɗaya ne. Wanda aka rufe sai ya fashe a hannun abokin ciniki. Hastings yana son mutane su faɗi gaskiya ƙiri-ƙiri, ya kuma yi dogon bayani a kan haka, na yarda da shi. Amma ba ka cewa mutum ya tona kuskurensa a gabanka alhali ya san kullum kana auna ko ya cancanci zama. A Oktoban 2018 jaridar Wall Street Journal ta tattauna da sama da mutum 70 daga ma'aikatan Netflix na lokacin da na da, kuma da yawansu sun yi maganar zaman ɗar-ɗar. Ma'aunin bai bar na kusa ba: McCord da kanta ta bar kamfanin a 2012 bayan shekara 14, Neil Hunt, shugaban sashen kayayyaki kuma tsohon abokin Hastings, ya bi baya a 2017. Hastings ya amsa cewa tsoron yana nan, maganin da ya bayar shi ne ma'aikaci ya je ya tambayi manajansa kai tsaye inda ya tsaya. Injiniyan da ke Silicon Valley, wanda kamfani uku ke jiran ya ce uffan, zai iya wannan tambayar. Mai aiki ɗaya da gida guda ke ci daga albashinsa ba zai iya ba.

Akwai wurin da na ba shi gaskiya. Ya kawo gwajin Will Felps, inda aka riƙa cusa ɗan wasan kwaikwayo cikin rukunin ɗalibai, wani lokaci ya yi rashin mutunci, wani lokaci lalaci, wani lokaci ya yi ta kashe gwiwa, sai sakamakon rukunin ya faɗi da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Hali yana yaɗuwa, kuma shugaban da ya ƙyale mai wulaƙanta mutane ko mai kwance wa aiki zani ya zalunci sauran. A raba gari da irin wannan, ko da shi ne ya fi kowa iya kod. Sai dai gwajin a kan mugun hali yake, ba a kan matsakaicin iyawa ba. Ɗan wasan bai taka rawar mutumin kirki mai aiki daidai gwargwado ba. Abin da gwajin ya tabbatar ma shi ne cewa ƙwazon mutum yana hawa yana sauka da waɗanda ke kewaye da shi.

Tambayar da littafin bai amsa ba ita ce wa ya raini waɗannan gwanaye. Shekaru masu yawa Netflix ba ta ɗaukar sabon kammala jami'a a aikin injiniya, gogaggu kawai take ɗauka. Kowane ɗayansu wani kamfani ne ya jure shekarunsa na farko, ya biya kuɗin kurakuransa, ya sa wani babba ya zauna da shi. Tsarin yana tafiya ne muddin kamfani ɗaya ko biyu ne ke yin sa, sauran na raino. In kowa ya bi shawarar, rijiyar za ta ƙafe. Abin ya fi ba ni mamaki daga mutumin da ya koyar da lissafi a makarantar sakandare a Swaziland daga 1983 zuwa 1985, wanda ya ga da idonsa yadda yaro ke tashi daga rashin sani zuwa sani. Ita ma Netflix ɗin ta sassauta daga baya: ta fara ɗaukar sababbin kammala karatu, a 2022 kuma ta shigo da matakan girma ga injiniyoyinta bayan ta daɗe tana kiran kusan kowa babban injiniya.

Mun ga yadda wannan ra'ayi ke sauka a kanmu. An kafa Andela a Legas a 2014 a kan cewa za ta zaɓo matasa masu basira, ta horar da su, ta haɗa su da kamfanonin waje. A Satumban 2019 ta sallami ƙananan injiniyoyi kimanin 400 a Najeriya da Kenya da Uganda, dalilin da ta bayar kuwa shi ne masu ɗaukar aikin gogaggu suke nema. A 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT da burin horar da mutum miliyan uku a fasahar zamani. Kwas na 'yan watanni yana buɗe ƙofa, amma ba ya mayar da mutum gogagge. Wannan sai a bakin aiki, inda wani zai karanta abin da ka rubuta ya ce maka nan ka kauce, ga dalili. In kowane kamfani a ƙasar ya rubuta a tallarsa cewa sai mai gogewar shekara biyar, ina waɗannan matasa za su samo shekara ta farko?

Mai ƙaramin kamfani a nan ya dubi lissafinsa da kyau. Rabin tsarin Hastings kuɗi ne: albashin da ya fi na kowa, da kuɗin sallama na watanni. Wanda ke biya da naira ba zai iya gasa da kamfanin waje mai biya da dala ba, kuma gwanin da ya samu da ƙyar yana iya tafiya cikin wata shida ba tare da ya bar ɗakinsa ba. Abin da ke saura in an cire kuɗin shi ne korar kawai, kuma ita ce ɓangaren da ya fi sauƙin kwaikwayo. Hanyar da ke hannunsa ita ce wadda binciken ɗaukar ma'aikata ya daɗe yana goyon baya: a ba mai nema ɗan aiki irin wanda zai riƙa yi da gaske, a yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya da ma'auni ɗaya, a duba yadda yake karɓar gyara. In ya shigo a haɗa shi da babba, kada kod ɗin kowa ya wuce ba tare da wani ya karanta ba, har na shugaban, kuma lokacin da babban ya kashe yana koyarwa a lissafa shi cikin aikinsa ranar ƙarin albashi. A samar da wuta da intanet da ɗakin da ba a shigowa kowane minti goma. Wasu daga cikin waɗanda aka raina za su tafi, wannan babu makawa, shi ya sa ake ɗaukar biyu a lokacin da ake bukatar ɗaya, a kuma rubuta abin da kowa ya sani tun yana nan.